Layar Goggo Tumba

Tun da hoton bangon nan ya fara yawo a wayoyi, ƙofar gidana ba ta rabuwa da samari. Kowa ya zo da wayarsa a hannu, wai in koya masa aikin nemo sojojin da aka manta, kuma so yake ya iya kafin la'asar. Wani ma ya ce mini ai abin ba wuya, suna kawai za ka danna, intanet ta miƙo maka mutum. Na ce to danna Garba Gwandu mu gani. Ya danna, sai ga Garba Gwandu sun cika masa fuskar waya, har da wani mai sayar da tayar babur. To ku gyara zama, ku kife wayoyin nan a kan tabarma, in gaya muku yadda ake aikin, da yadda aka yi sunan da kuka gani a hoton ya hau bango.

Aikin dai ga shi. A Yaƙin Duniya na Biyu Turawa sun kwashi mutanenmu zuwa ƙasar Bama, wasu da bindiga a kafaɗa, wasu da kaya a ka. Wanda ya mutu aka rubuta mutuwarsa, ko dai yana da kabari, ko sunansa na jikin bangon tunawa, kuma akwai hukumar da ke kula da wannan har gobe. Amma akwai waɗanda suka mutu alƙalami bai bi ta kansu ba. Wani zazzaɓi ya kashe shi a daji, wani an sallamo shi da ciwo ya ƙarasa a hanya, wani kuma an rubuta masa abin da bai yi ba. Namu shi ne mu nemo irin waɗannan, mu haɗa hujja, mu aika wa hukumar, in ta gamsu ta sa a sassaƙa sunan. Babu fansho a ciki, babu kwangila. Wanda wannan ya kawo shi, ga takalmansa can bakin zaure.

Ranar farko da na bi maigidana aiki, ƙauyen Ceberu muka je. Maigidan nawa shi ne Malam Bitrus, mutumin Zuru, shugaban makarantar da aka fara tura ni koyarwa a Kalgo. Mahaifinsa ya yi yaƙin Bama ya dawo da ƙafa ɗaya, shi ya sa abin ya shige masa jini. Na shirya tsaf ranar, riga mai aljihu, biro a maƙale, fayil a hammata. Da muka iso bakin gari sai ya karɓe fayil da biro ya ba mai shayi ajiya. Ya ce mutumin ƙauye in ya ga biro, ko haraji ne ko allura, kuma duka biyun gudu ake yi. Muka wuni a gindin tsamiya muna hirar gero da tsadar taki, ko kalmar yaƙi ba ta fito daga bakinsa ba. A hanyar dawowa ina bayan babur ina ƙunƙuni, na ce mun yi asarar wuni. Ya ce a'a, yau sun koyi fuskarmu, aiki sai zuwa na gaba.

A wurinsa na koyi tambaya. Ba a shiga gida a ce wa ya mutu a yaƙi, domin za a ce maka babu, kuma ba ƙarya aka yi ba, su ma ba su sani ba. Cewa ake yi, wa ya tafi bai dawo ba? Nan za ka ga tsohuwa ta ajiye tsintsiya. Kuma maza ba su ne ma'ajiyar wannan labari ba. Namiji zai ba ka tarihin sarauta da iyakar gona, amma wanda ya fita da safe da 'yar jakarsa ba a sake ganinsa ba, wannan yana wurin mata. Don haka sai ka iya gaisuwa, ka iya zama, ka iya shan fura ko ta yi tsami ba tare da ka yamutsa fuska ba. Ba a zuwa lokacin shuka, ba a zuwa lokacin yankan shinkafa. Wanda ya tare manomi da tambaya yana riƙe da lauje, amsar da zai samu ba ta rubutuwa.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da ranarsa. Akwai rikoda da kaset da batir, batir kuwa a aljihu daban ake sa shi, kada ya ƙare a tsakiyar magana. Akwai biro, ba don rubutu ba, don naɗe zaren kaset in rikoda ta tauna shi. Akwai jan farce na mata, da shi ake liƙe zaren in ya tsinke, kuma ku tambaye ni irin kallon da mai kanti ya yi mini ranar da na fara saye. Akwai goro. Sai kuma toka a ƙullin leda. Wani kwanon sha na soja da muka tarar a garin Kambaza ana ba kaji ruwa da shi, shi ya nuna mini amfaninta. Malam Bitrus ya kife shi, ya goge gindin da gefen rigarsa, ya barbaɗa toka ya shafa da babban yatsa, ya hure. Sai ga lambobi sun fito fari tas a inda da ido ba ka ganin komai. Na yi tsalle har na take kaza.

Lamba ita ce mutum a wannan aiki. Bature bai damu da sunan ubanka ba, sunanka zai rubuta ya liƙa maka garin da ka ce ka fito, wani lokacin ma garin da aka ɗauke ka. Shi ya sa Garba Gwandu, Garba Kalgo, Garba Sakkwato suka yi yawa kamar buhunan shinkafa a kasuwa. Amma lamba ta mutum ɗaya ce. Kowane soja yana da ita a wuya, a jikin wasu 'yan abubuwa guda biyu da aka zura wa igiya. Malam Bitrus ya nuna mini na mahaifinsa. Ba ƙarfe ba ne, wani abu ne mai tauri kamar busasshiyar fata. Ɗaya ja ce, zagayayya, kamar kwabo mai huji, ɗaya kuma koriya mai kusurwoyi. Ya ce in soja ya mutu, koriyar ake binne shi da ita, ja kuwa a yanke a kai wa hafsa, da ita ake rubuta cewa wane ya mutu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A Kambaza ɗin nan dai muka ɗauki muryar wani tsohon soja, Baba Sama'ila. Ya tsufa ƙwarai, amma da ya ji an ambaci Bama sai ya miƙe zaune. Ya ba mu labarin ruwan sama da ba ya ɗaukewa da matsattsaku da ke shiga takalmi, can sai ya gangaro kan wani abokinsa Garba, mutumin wajen Kalgo. Ya ce an raba su da sauran rundunar a daji, su biyu suka yi kwanaki suna lalube, zawo ya kama Garba har ya cika a hannunsa. Ya haƙa rami da adda, ya duba rana ya daidaita alƙibla gwargwadon iko, ya binne shi. Da ya cim ma rundunar ya gaya wa saje, saje ya ce ina lambar? A nan Baba Sama'ila ya dube mu. Sannan ya ce:

"Nic ce mai ta ɓace. Tana cikin aljihuna. Mu nan in mutum ya mutu bisa hanya, wanda yab bizne shi shi ka kai ma uwatai shaida, ko hula ko zobe. Garba bai da hula, bai da zobe. Bature na da sojoji awa ƙasa, uwatai ko shi ɗai gare ta. Wa yac cancanci abin?"

Kun ji fa inda aka yi kuskuren, kuma kuskure ne na mutumin kirki. Al'adar fatake ya bi, wadda kakanninsa suka bi a hanyar Gwanja. Shi kuwa hafsa ya ƙirga mutane bai ga Garba ba, bai ga jar lamba ba, sai ya rubuta cewa ya gudu. Muka tambayi Baba Sama'ila wane gari, wane gida. Ya ƙi faɗa. Har ranar tsoro yake ji kada a zo a kama shi da laifin ɓoye kayan soja, ya kuma jawo wa mutanen gidan fitina. Malam Bitrus ya yi lallashi, ya yi rantsuwa irin tasa, na yi irin tawa, tsoho ya ce shi dai ya gama magana. Muka yi ta yawo a ƙasar Kalgo muna neman gidan da aka kai lamba, ba wanda ya taɓa jin zancen.

Sai mummunar shekara ta zo. Kowace sana'a tana da irinta, tamu ta haɗo komai ta kawo a lokaci ɗaya. Tsofaffin sojojin da suka rage suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, har da Baba Sama'ila, muna shirin komawa wurinsa sai ta'aziyya muka je. Duk sunayen da muka aika wa hukumar a shekarar suka dawo, wai hujja ba ta isa ba. Ban ga laifinsu ba, bango ba allon makaranta ba ne da za a rubuta a goge. Da damina ta yi ƙarfi ruwa ya shiga ɗakin da muke ajiya a Kalgo, kwalin kaset ya kwana a ciki. Muka shanya su a kan tabarma kamar kuɓewa, wasu suka tashi, da yawa suka tafi da muryoyin mutanen da ba za a sake ji ba. Kafin kaka Malam Bitrus ya kwanta ciwo, 'ya'yansa suka mai da shi Zuru, can ya rasu. Da na je gaisuwa matarsa ta miƙo mini rikodarsa a ƙunshe cikin zane, ta ce ya ce a ba Umaru. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye muku ba. Na dawo Gwandu na tura kwalin ƙarƙashin gado, na daɗe ban taɓa shi ba.

Aikin da ya kai ni Diggi, wani gari a ƙasar Kalgo, ba ma na Garba ba ne. Bayan na yi ritaya na koma yawo ni kaɗai, ina bin labarin wani ɗan dako daban. Na hau kabu-kabu daga Kalgo, a hanya na yi masa tambayar da na saba, ko akwai gidan da wani ya tafi zamanin Turawa bai dawo ba. Bai ko waiwayo ba ya ce sai dai Gidan Gudau. Na ce gidan wa? Ya ce haka ake kiransa tun kafin a haife shi, wai kakansu ya shiga soja ya ji ƙarar bindiga ya ranta a na kare, kunya ta hana shi dawowa. Yana faɗa yana dariya, shi a wurinsa suna ne kawai kamar a ce Gidan Maƙera. Na ce ya kai ni.

A can na sami Goggo Tumba, 'yar mutumin da ake kira Gudau. Tsohuwa ce siririya mai kaifin harshe, tana zaune tana tsince shinkafa a faifai, ido ya fara rauni amma kunne garau. Ba ranar ta ba ni labari ba, sai da na yi ta zarya har karnukan unguwar suka daina yi mini haushi. Tana goye ubanta ya tafi. Bayan yaƙi ɗan saƙo ya zo daga gidan hakimi ya faɗa a bainar jama'a cewa Garba ya gudu daga soja. Kakarta, uwar Garba, ta ce ƙarya ne, ɗanta mutuwa ya yi, amma da aka ce ta kawo shaida sai ta yi shiru. Gari ya bi maganar hukuma. Goggo ta tashi ana nuna ta a bakin rijiya. Abin da ya fi ci mata rai kuwa shi ne suna. Kun san yadda muke yi, in babba ya rasu sai a mayar da sunansa ga jariri, don kada ya ɓace a gida. Ta haifi maza, kowanne ta roƙi mijinta a sa masa sunan ubanta, ya ce ba a ɗansa ba. 'Ya'yanta ma da suka haifa suka bi bayan ubansu. Tun da Garba ya fita daga gidan nan ba a sake raɗa wa kowa sunansa ba.

Ta ce mini, "Malam, ni ba ni son komi ga Bature. So nike kahin in mutu a ce ubana mutuwa yay yi, ba gudu ba. Shi ke nan."

Na tambaye ta ko ya bar wani abu, bargo, kwano, ɗamara. Ta ce babu, sai laya. Ta zaro ta daga wuya, tsohuwar fata ta yi baƙi ta yi sulɓi don shekaru. Ta ce kakarta ce ta rataya mata tun tana 'yar ƙarama, ta ce amanar ubanta ce, kada ta yarda a buɗe. Ita a ganinta addu'a ce ya rubuta kafin ya tafi. Duk yaron da ya yi zazzaɓi ko haƙori a gidan, ita ake rataya masa. Na roƙa ta bar ni in taɓa, ta miƙo tana riƙe da igiyar kamar zan gudu da ita. Ku da kuka san laya kun san takarda ake naɗewa, shi ya sa take fitowa da kusurwa huɗu, kuma in ka matsa tana ɗan lotsawa. Wannan kuwa fatar ta lafe a kan abin da ke ciki, zagayayye ne, mai tauri, har ina jin ɗan rami a gefe ɗaya inda huji yake. Na yi sallama a gurguje har na manta hulata a kan turmi.

Ban tsaya ko'ina ba sai ƙarƙashin gadona a Gwandu. Na jawo kwalin, na yi ta gwada kaset ɗaya bayan ɗaya, don ruwa ya wanke rubutun da ke jikinsu. Wani ya yi gurnani, wani shiru. Matata ta leƙo ta ga dattijo zaune a ƙasa da jan farce da biro, ta ce lalle ritaya ba ta karɓe ni ba. Na sami na Baba Sama'ila a tsinke, zaren ya manne da juna. Na bi shi a hankali da tsinken tsintsiya ina ɓamɓarewa, na liƙe, na naɗe, na danna. Farkon ya lalace, labarin matsattsaku duk ya tafi. Amma daga inda ya ce wani abokina Garba, murya ta fito kamar yana zaune a ɗakin. Na tashi na yi rawa ni kaɗai, da gwiwar nan tawa mai ciwo.

To amma sanin abu daban, hujja daban. Hukuma ba ta karɓar na taɓa na ji. Sai an ga lamba, lamba kuwa tana cikin laya. Da na kawo wa Goggo zancen buɗewa, kallon da ta yi mini ya ishe ni amsa.

Ta ce, "Ba a buɗe laya, Malam, kai ma ka sani. In anka buɗe ta ta karye. Ita ɗai ubana yab bar min. In kab buɗe kat tarad da takarda, mi za ka ba ni madadinta?"

Gaskiya ta faɗa. Yatsa na iya yin ƙarya. Zai yiwu tsohon kwabo ne, zai yiwu wani maganin gargajiya ne. In na yi kuskure na raba tsohuwa da abu ɗaya da ta gada, na bar ta da Gudau ɗin dai. Ga shi kuma jikinta ya fara ja baya, a damina ɗaya ta rame har zobenta na zamewa. A nan ne sana'a take, ba a waya ba. Ba ka matsa wa mutum, ba ka kuma yi masa alkawarin abin da ba ka gani ba. Na ce mata ban tabbata ba, amma akwai wata murya da nake so ta ji, in ta ji ta ce a bari, an bari.

Na ajiye rikodar Malam Bitrus a kan tabarma tsakaninmu, jikanta Nasiru, magidanci ne mai gyaran injin ban ruwa, yana zaune a gefe. Na danna. Baba Sama'ila bai kai ga sunan Garba ba Goggo ta ɗaga hannu. Ta ce ta san muryar nan. Wani mutum ne daga Kambaza da yake zuwa duk Sallah tana yarinya, ya gaida kakarta daga bakin ƙofa, ya ba ita Goggon rake, ya tafi, ba a taɓa gaya mata ko shi wane ne ba. Ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba. Da ya zo wurin uwatai ko shi ɗai gare ta, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Kaset ya ƙare ya yi ƙas. Can ta ce a kira baduku, amma da sharaɗi. Ba za a yanka fata ba, ɗinki za a bi a warware. In takarda ce, ba mai karantawa, a mayar a ɗinke.

Ta ƙara da cewa, "Kai ko Malam, in takarda ta, kada in koma ganin ƙahwarka gidanga."

Na ce na yarda. Baduku ya zo da safe da basillarsa, ya yi bisimilla, ya shafa ɗan mai a bakin ɗinkin don fatar ta yi laushi. Jijiyar da aka yi ɗinkin da ita ta bushe ƙwarai, yana ɗagowa tana karyewa. Matan gida suka kewaye mu. Ya buɗe baki ɗaya, ya zura yatsa, ya jawo wani ƙyalle da ya rine, ya warware a tafin hannunsa. Ja ce. Ta dushe ta koma kalar goro, amma ja ce, zagayayya, da hujinta, har da guntun igiyar da aka yanke da wuƙa. Fuskarta kuwa sumul, ba a ganin komai, har wata mata ta ce ashe ba rubutu. Na kwance ƙullin tokata, na barbaɗa, na shafa da babban yatsa, na hure. Lambobi suka fito a jere, a ƙarƙashinsu Garba Kalgo. Na yi kabbara da ƙarfi har baduku ya saki basilla. Goggo ba ta iya gani, sai ta karɓa ta bi lambobin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce a karanta mata, aka karanta, ta ce a sake.

A nan wayarku ta yi rana, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Nasiru ya ɗauki hoto gaba da baya, ya kwafe muryar kaset, muka haɗa da bayanin Goggo da na baduku muka aika. Masu binciken hukumar suka bi lambar, suka tarar mai ita an rubuta ya gudu a daidai dajin da Baba Sama'ila ya kwatanta, kuma daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa a ko'ina ba. Suka yi tambayoyi, muka amsa, suka sake yi, muka sake amsawa. Jiran ya yi tsawo. Duk zuwan da na yi Diggi sai na tsaya a bakin gari na saurara ko zan ji kuka daga wajen gidan, sannan in ƙarasa. Goggo kuwa in ta gan ni sai ta ce Bature har yanzu yana karatu? In ce yana yi. Ta ce to ya yi sauri, ita ba ta da lokacinsa.

Ranar da amsa ta zo ina kasuwar Gwandu ina cinikin albasa, na bar albasar da mai ita yana kira. Sun karɓa. Sun janye maganar gudu, sun sa shi cikin waɗanda suka mutu a bakin aiki, bayan wani lokaci kuma suka aiko hoton bango da sunansa a sassaƙe cikin 'yan'uwansa. Shi ne hoton da ya kawo ku. Mai gari ya tara jama'a a ƙofar gidansa, a inda aka taɓa faɗin waccan maganar, ya sa aka faɗi wannan. Liman ya yi wa Garba addu'ar da ba a yi masa ba tun wancan zamani. Na so a ce Malam Bitrus na tsaye a wurin, na so ƙwarai. Ɗan kabu-kabun da ya fara kai ni shi ya mai da ni Kalgo, a hanya ya ce yanzu sai su koyi cewa Gidan Soja, amma bakinsu ya riga ya saba da tsohon sunan. Na ce ya saba da sabon, in ba haka ba in sauka in tafi a ƙasa.

To kun ji sana'ar. Shekaru da yawa tsakanin kaset da laya, kuma da na zo Diggi da biro a aljihu ina tambayar wa ya mutu a yaƙi, da har yau tana wuyan yara tana maganin haƙori. Baduku ya mayar da lambar ya ɗinke a kan tsohon ɗinki, ba ka ce an taɓa ba. Goggo ta ce ita ba ta ga alamar ta karye ba.

Bayan kaka matar Nasiru ta haihu, namiji, aka aiko mini goron suna. Na isa da sassafe, maza sun cika ƙofar gida. Nasiru ya sunkuya ya raɗa wa liman, liman ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Abubakar, an mayar da sunan kakan gida, Garba. Maroƙi ya ɗauka ya shiga da shi cikin gida, guɗa ta tashi. Can aka ce Goggo na kirana. Na tarar da ita a jingine da bango, an ɗora mata jaririn a cinya, wanzami ya gama aski. Ta cire layar daga wuyanta da kanta, igiyar ta yi wa yaron tsawo, ta ninka ta biyu ta rataya masa. Kun san 'ya ba ta kiran sunan ubanta, ko a kan jariri ne. Ta kai fuskarta kusa da tasa don ta gan shi da kyau, ta shafa ɗan kan da aka aske.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Babana. Ka daɗe bisa hanya."